Jini Ne Ko Shagon Bakin Makaranta?

Yayata tana da 'ya'ya maza biyu, tsiransu bai kai shekara biyu ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, makaranta ɗaya, har adaidaita sahun da ke kai su da safe ya ɗauko su da rana ɗaya ne. Babban, ɗan shekara 11, siriri ne kamar sillen kara, sai an bi shi da kwano ana lallashi kafin ya ci abinci. Ƙaramin kuwa shekararsa 9, amma tun bara wandon yayansa ya daina shigarsa, sai dai a kai wa tela yadi a ce masa ya saki hannu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gidan, aka zubo mana garau-garau da mai da yaji. Babban ya yi loma biyar ko shida, ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu ya fice. Ƙaramin ya share kwanonsa tas, ya jawo ragowar yayansa ya haɗa, sannan ya leƙo nawa kwanon ya ce, "Kawu, kai ma ka ƙoshi ne?" Uban ya daka masa tsawa, wai wannan wace irin haɗama ce kamar wanda ya shekara bai ga abinci ba, ya juya kan yayata ya ce ita ta sangarta shi. Hajiya, kakarsu ta wajen uba, tana gefe a kan darduma da carbi a hannu. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ku ƙyale min angona ya ci abincinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka Alhaji marigayi yake, ba ga hotonsa nan a bango ba? Jikin gidan nan ke nan."

Yaron bai ce uffan ba. Ya ajiye cokali, ya sunkuyar da kai. Amma idonsa bai bar kwanona ba, kuma idon nan ne ya hana ni sakat tun daga ranar.

Musun da aka yi a falon nan kan ƙibar yaro shi ake yi yanzu a gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi da Yamai, duk inda aka samu ɗan rufin asiri. A ganina uban da kakar kowa da gaskiyarsa, sai dai guntuwa ce, kuma kowa ya ɗauki tasa guntuwar ya yanke hukuncin da zai cuci yaron. Hajiya ta ce gado ne, don haka a zuba ido. Uban ya ce hali ne, don haka a yi ta faɗa. Waɗanda suka fi kowa hannu a lamarin kuwa babu ko ɗayansu a falon ranar.

Bari in fara ba Hajiya haƙƙinta, don tana da gaskiya fiye da yadda 'yan boko irina suke son amincewa. A 1986 wani likita ɗan Amurka, Albert Stunkard, da abokan aikinsa suka bi diddigin mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da riƙonsu tun suna ƙanana. Ƙasar tana ajiye rajista, an san iyayen da suka haife su, an san waɗanda suka rene su. Jikin wa suka ɗauko? Aka tarar nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, mutanen da ba su tashi suna haɗa kwano da su ba. Tsakaninsu da masu riƙon kuwa babu wata alaƙa ta a-zo-a-gani. A 1990 Stunkard ya sake dubawa a kan tagwayen ƙasar Suwidin da aka raba tun suna yara, kowa ya tashi a gida daban, sai ga masu kama ɗaya sak sun girma da jiki kusan iri ɗaya. Daga irin waɗannan bincike ne masana suka ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane daga gado yake.

To amma me ake gada? Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Za ka ji mace ta ce ita ko ruwa ta sha ƙiba take yi, kamar jikinta wata tukunya ce mai ninka abin da aka zuba mata. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne, mafi yawan gadon nan a ƙwaƙwalwa yake aiki. Yunwa ake gada, da ƙoshi: yaushe cikinka zai kira ka, yaushe zai ce ya isa, da yadda ranka ke biyawa in ka ji ƙamshin suya.

Akwai labarin da ya fito da wannan fili. A 1994 wani masani a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, Jeffrey Friedman, ya gano wani sinadari da kitsen jiki ke fitarwa, aka sa masa suna leftin. Aikinsa kai wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa rumbu a cike yake, a sassauta neman abinci. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila, cikinsu har da Sadaf Farooqi da Stephen O'Rahilly, suka ba da rahoton wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, daga zuri'ar da ke auren zumunci. Yarinyar shekararta 8, nauyinta kilo 86. Yaron ɗan shekara 2, kilo 29. Kullum cikin neman abinci suke, a ba su su cinye su nemi ƙari. Da aka auna jininsu sai aka ga kusan babu leftin. Wato jiki cike da kitse, ƙwaƙwalwa kuwa tana zaton fari ake yi. Aka fara yi wa yarinyar allurar sinadarin, cin ya ragu, nauyi ya fara sauka. Ka tuna shekara nawa aka yi ana ce wa yarinyar nan mai haɗama, ana harar uwarta a kasuwa, alhali abin da ta rasa ɗigo ne a cikin sirinji.

Irin wannan larurar ba kasafai ake samunta ba, kada wani ya ruga asibiti neman allura. Akwai wata ƙwayar halittar mai suna MC4R wadda matsalarta ta fi yawa, ana samunta a wajen 5 cikin 100 na yaran da ƙibarsu ta yi tsanani tun suna ƙanana. Saura fa? Mu nan mun san gado ne ta fuskar sikila: AS ya auri AS, a haifi SS, har jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwaji kafin a ɗaura aure. Sai muka ɗauka kowane gado haka yake, ko kana da shi ko ba ka da shi. Na ƙiba ya sha bamban. Wani babban bincike na 2018 ya lissafa wurare sama da 900 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke taɓa nauyin jiki, kowanne tasirinsa kamar ƙwayar gero a cikin mudu. Wadda ta fi suna a cikinsu, FTO, da aka gano a 2007, wanda ya gaje ta ta uwa da ta uba duka a matsakaici da kilo 3 kacal ya ɗara wanda bai gaje ta ba. Kowane yaro ɗiba yake yi daga buhun uwa da buhun uba, kuma ɗibar wani ba ta zama ta wani. Shi ya sa 'ya'yan yayata suka fito daban. (Mafi yawan binciken nan a kan jinin Turawa aka yi shi, namu kaɗan ne a ciki, wannan ma wani abin takaicin ne na daban.)

Marigayiya Jane Wardle, wata masaniya kan ɗabi'ar cin abinci, da ɗalibanta a Landan sun bi tagwayen da aka haifa a 2007 tun suna tsumma, suka ga bambancin ci yana bayyana tun a nono: wani jaririn ya ɗan tsotsa ya saki ya yi barci, wani ya kama kamar za a ƙwace masa. Wannan kam ba sai an je Landan ba, kowace ungozoma ta sani. Muna koya wa yara hadisin nan na raba ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, kuma koyarwa ce mai kyau. Sai dai mu sani, akwai yaron da jikinsa da kansa yake tsayar da shi a kason farko ba tare da ya yi wani ƙoƙari ba, akwai kuma wanda sai ya cika ukun duka kafin saƙon ƙoshi ya iso. Babban ɗan yayata ba fin ƙanensa tarbiyya ya yi ba. Ƙararrawarsa ce take bugawa da wuri. Uban da ke yaba wa ɗaya yana zagin ɗaya, da tsawo ko hasken fata ne ya san ba zai yi haka ba.

Har nan ni da Hajiya muna tare. Inda muka rabu shi ne wata tambaya da na yi mata bayan an kwashe kwanuka. Na ce, "Hajiya, shi Alhaji yana ɗan shekara 9 haka yake?" Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ina! Ai lokacin da aka kawo ni gidan nan iska ma sai ta ɗauke shi. Sai da ya kafu a Kantin Kwari, ya sayi Fijo, ya haura arba'in, sannan tumbi ya fito." To ka ji. Jinin da ya jira kaka shekara arba'in, a jika bai jira bakwai ba. Alhaji ya tashi yana zuwa gona da ƙafa, yana ɗebo ruwa, yana cin tuwon dawa da miyar kuka, nama sai ranar kasuwa, lemon kwalba sai da salla. Son cin yana nan a jikinsa tun yana yaro, abin da zai ci ɗin ne babu.

Alƙaluman duniya ma haka suka nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 2 cikin 100 na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne ke da ƙibar da ta kai matsayin cuta. A 2022 sun kai kashi 8, wato yara miliyan 160. A 2025 UNICEF ta ba da rahoton cewa a karon farko masu irin wannan ƙiba a cikin 'yan wannan shekarun sun fi masu rama yawa a duniya, haka ma a kowane yanki ban da Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba sa canzawa a shekara 30. Kasuwa ce ta canza, da unguwa, da makaranta.

Manomi ya fi kowa gane wannan. Ka ɗauki iri biyu, ɗaya mai saurin tofo ɗaya mai nawa, ka shuka a jigawar da ba ta samu ruwa ba, dukansu a tsumbure za su fito, ba za ka bambance su ba. Kai su fadama ka zuba taki, nan za ka ga wanda ya yi tsiri ya bar ɗan uwansa. A kan tagwayen nan na Ingila an auna daidai wannan. Da suka kai shekara 4, aka raba gidajensu biyu: gidajen da kayan zaƙi da talabijin suka yi yawa, wasa da ganye suka yi kaɗan, da kuma gidajen da ba haka ba. A rukunin farko, gado ya ɗauki kashi 86 cikin 100 na bambancin nauyin yaran. A na biyu, kashi 39. A garin Framingham na Amurka, inda aka shafe shekaru ana bin lafiyar zuri'a bayan zuri'a, an ga ƙwayar FTO ba ta nuna wani tasiri a kan waɗanda aka haifa kafin 1942 ba, sai a kan na bayansu, 'yan zamanin mota da firij da abincin leda.

Ko mu dawo kusa. An yi wani bincike a kan 'yan Ghana, aka buga a 2016, aka kwatanta na ƙauye da na birni da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Turai. A cikin mata, masu ƙiba a ƙauye kusan 8 ne cikin 100, a biranen Ghana kusan 34, a Landan 54. Mutane ɗaya, jini ɗaya. Haka 'yan ƙabilar Pima: waɗanda ke jihar Arizona ta Amurka suna cikin mutanen da suka fi fama da ƙiba da ciwon suga a duniya, kusan 38 cikin 100 na manyansu na da suga, 'yan uwansu da ke noma a tsaunukan Meksiko kuwa ba su kai 7 ba.

Yanzu zo mu bi ɗan yayata yini guda. Da safe shayi mai madara da sukari cokali uku, da burodi. Daga ƙofar gida adaidaita, har ƙofar makaranta. A jakarsa akwai lemon kwali da biskit, don yaron da aka sa wa ɗanwake ko dafaffen ƙwai da ruwa a gora dariya ake yi masa a aji. Makarantar tasu gidan haya ce mai hawa biyu da aka mayar da ɗakunan kwana azuzuwa, tsakar gidan ko motoci uku ba za ta ɗauka ba, don haka lokacin tara a tsaye ake cinye shi. A cikin harabar akwai shago, na matar mai makarantar ne, kuma abin da ke ciki kowa ya sani. Na taɓa zuwa ɗauko su ranar da mai adaidaita ya yi fashi. Ƙarfe biyu saura, kafin a buɗe ƙofa, masu sana'a sun riga sun yi layi: mai askirim a keke yana matsa ƙaho, mai yogot, mai alewar auduga, mai zoɓon da aka narka wa sukari har yana danƙo. Ana buɗewa yara suka yi musu caa. Babban ya wuce su ko kallo bai yi ba, hankalinsa na kan wani abokinsa mai ƙwallo. Ƙaramin ya tsaya cak, ya kama hannuna, "Kawu, ɗari biyu kawai." Daga nan gida, indomi da ƙwai, Islamiyya a zaune har la'asar sakaliya, a dawo a karɓi wayar uwa har barci ya ɗauke shi wajen sha ɗaya.

A cikin wannan yinin, ina ne yaro ɗan shekara 9 ya zauna ya zaɓi ƙiba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na bukatar aƙalla awa guda kullum yana motsa jiki har ya yi haki. Mu da muka tashi ana langa da ɓuya da ƙwallon tsumma, 'yan mata na gaɗa da 'yar gala-gala a dandali, ba mu san ana lissafa wannan ba. Yau dandalin an yanka shi filoti, filin firamaren unguwa an zagaye shi da shaguna, kuma uwar da ta hana ɗanta fita ba za ka ga laifinta ba, da satar yaran da ake yi. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, ninki biyu na abin da hukumar ta fi so babban mutum ya tsaya a kai a yini. Ba uwar da za ta zuba wa ɗanta cokali 12 a kofi tana kallo. A roba kuwa sai ta miƙa masa da hannunta, har ta ji daɗi ta yi masa gata.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa min a ido: yara na mutuwa da tamowa a Arewa, kai kana maganar 'ya'yan masu kuɗi da suka ƙoshi har ya yi musu yawa? Maganar tana da nauyi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na 2025 kaɗai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya a tsumbure suke, a Arewa maso Yamma 57. In kuɗi ɗaya ne a hannun gwamnati, a fara da mai yunwa, ba musu.

Sai dai yunwar da ƙibar ba abokan gaba ba ne yadda muke zato, ɗaya tana share wa ɗaya hanya. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, rabon mutum a yini ya faɗi zuwa kalori 400 zuwa 800, mutane wajen 20,000 suka mutu. Shekaru bayan haka aka duba samari 300,000 da suka zo gwajin shiga soja suna da shekara 19, aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran ƙiba. Jikin da aka gina a cikin rashi yakan fito da shirin rashi, ya riƙa ɓoye duk abin da ya samu. A ƙasarmu ma an gani: binciken da aka yi a kasuwannin Enugu, aka buga a 2010, ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da matsalar suga da nauyin jiki da suka kai shekara 40. To yaran nan namu da ke tsumbure yau a Katsina da Jigawa da Zindar, gobe su ne za su shigo birni, inda abinci mafi araha shi ne fulawa da mai da sukari. Ba a jikin 'ya'yan masu kuɗi abin zai ƙare ba. A Amurka da Ingila tuni ƙiba ta koma ciwon talaka, don mai hali ya koma cin ganye da kifi ya bar wa marar hali abincin leda.

Akwai kuma namu laifin na al'ada, ba zan ɓoye ba. Jariri in ya yi kumatu ɓul-ɓul sai a ce tubarkalla, uwar ta iya reno. In siriri ne, ko lafiyarsa ƙalau, sai dangin miji su fara tambaya ko nonon ba shi da kyau. Wannan matsin ne ke kai mata kemis neman maganin cin abinci a ɗura wa yaron da ba abin da ke damunsa. Manyan 'yan mata kuma ga sha-ka-fashe, wanda sau da yawa deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Al'ummar da ta sha fari da yunwa ba abin mamaki ba ne ta ɗauki ƙiba alamar hutu. Kamfanoni kuwa sun san da wannan. A 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna abincin jarirai na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe daban-daban, ta ce a wasu ƙasashen Afirka da Asiya ana ƙara sukari har giram 6 ko fiye a kowane ci, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙara komai. Kamfanin Nestlé ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. Ni wannan amsar ce ma ta fi tayar min da hankali, don tana nufin dokarmu ce ta yarda a koya wa harshen ɗan wata shida zaƙi.

Shi ya sa nake cewa faɗan da ake yi wa yaro a kan kwano, an bar jaki ne ana dukan taiki. Jini ba mu da iko a kansa. Shagon makaranta kuwa mutum ne ya ba da izinin buɗe shi. Makarantar da ba ta da filin wasa, wani jami'i ne ya sa hannu aka yi mata rajista. Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira 10 a yau ko ledar ruwa ba ta saya, kuma da mai sukari kaɗan da mai sukari da yawa duk kuɗi ɗaya suke biya, to me zai sa kamfani ya rage? Ingila da ta fara nata a 2018 hawa-hawa ta yi shi, gwargwadon sukarinka gwargwadon harajinka, sai kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Masu bincike a Kambirij sun ƙiyasta cewa ƙiba a tsakanin 'yan mata 'yan shekara 10 zuwa 11 ta ragu da kashi 8 cikin 100 bayan haka, ko da yake a maza ba a ga canji ba. Ƙasar Cile tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambari a gaban duk abin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana sayar da shi a makarantu, ta hana sa hoton 'yan katun a kwalinsa. Sayen lemon zaƙi ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙibar yaran ƙasar ba ta sauka yadda aka so ba har yanzu, wannan gaskiya ne, abin da aka shekara 30 ana ginawa doka ɗaya ba ta rushe shi.

Masu cewa haraji talaka zai cuta, ina jin su, musamman a wannan tsadar. Amma lemo ba shinkafa ba ne, ba wanda zai kwana da yunwa don ya yi tsada, kuma talakan nan shi ne wanda in suga ta kama shi ba shi da kuɗin insulin balle na wankin ƙoda. Ni dai sharaɗina a ga inda kuɗin ke zuwa. Wasu abubuwan ma ba sa cin ko kwabo: ma'aikatar ilimi ta jiha ta hana sayar da lemo a harabar firamare, ta wajabta ruwan sha, ta dawo da darasin motsa jiki da gaske, ta daina yi wa gidan haya rajista a matsayin makaranta sai ya nuna filin da yara za su yi gudu, ko na haɗin gwiwa ne da maƙwabta.

A gidan yayata dai an kai yaron wajen likitar yara, bayan da minsharinsa ya fara tashin yayansa da dare, wuyansa kuma ya yi wani baƙi-baƙi da uwar ta yi ta dirza da soso tana zaton dauɗa ce. Likitar ta ce alama ce ta jikin da ya fara gajiya da sarrafa suga. Ta ce kada a sa shi azumin dole, kada a ware masa kwano daban, kada kuma a sake kiransa Buhu ko Tulu ko da wasa, don yaron da ake kunyatawa a ɓoye yake komawa ci. A shekarunsa ba rama ake nema ba, so ake nauyin ya tsaya tsawo ya kamo shi. Ta dubi uban ta ce, "Alhaji, gidan za a canza gaba ɗaya, har da kai." Aka daina ajiye katan ɗin lemo a firij. Aka koma zuba abinci daga kicin maimakon kawo kula a ajiye a tsakiya. Wayar uwa ta koma ɗaki da ƙarfe tara. Uban, da yake shi ma tumbin ya fara, yakan tafi da su masallacin asuba da ƙafa su zagayo ta bayan unguwa. Babban ne ya fi kowa ƙorafi, yana cewa shi me ya yi da za a hana shi lemo.

Wata biyar ke nan. Yaron bai rame ba, amma tela bai ƙara sakin hannu ba, minsharin kuma ya ragu. Cin yana nan yadda yake, har yanzu shi ke fara gamawa ya zauna yana kallon kwanon mutane. Makon jiya na je, muna zaune sai na ji Hajiya daga ɗakinta tana kira ƙasa-ƙasa, "Ango, zo ka ji wata magana." Ya tashi sumui-sumui ya shiga. Da ya fito kumatunsa ɗaya ya fi ɗaya tudu, yana ta ƙoƙarin kada mu haɗa ido. Yayata ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Kai ka je ka yi mata magana, ni surukata ce."